Takardar neman a rufe TikTok ta iso Agege: mu sa hannu ko mu dakata?

Baban_Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Ranar Lahadi a taron iyayen yara na Islamiyyar unguwarmu nan Agege aka kawo wata takarda ana tara sa hannu, za a miƙa wa 'yan majalisa, ana roƙon gwamnatin tarayya ta rufe TikTok a Najeriya baki ɗaya. Waɗanda suka kawo ta mutanen kirki ne, kuma ba su yi ƙarya ba: yara sun daina barci, hadda ta ja baya, zagi ya zama ado a bakin 'yan mata. Ni ma uban 'ya'ya mata ne, hankalina a tashe yake kamar na kowa. Amma da biro ya zo hannuna sai na kasa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in mu muka roƙi gwamnati ta rufe wannan yau, wa zai hana ta rufe wani gobe ba tare da ta tambaye mu ba? Na ce a ba ni mako guda. Me kuka gani?

Maman_Ilham:
Wa'alaikumus salam. Baban Khalifa, sa hannu kawai. Ni da a ce takardar ta zo Ijora da tuni na dangwala. Rannan ƙarfe biyun dare na tashi zan sha ruwa, sai na hangi haske yana fita ta cikin bargon 'yata. Na yaye, ga ta da tsohuwar wayar ƙanwata, abin ji a kunne, leɓenta na motsi tana bin waƙa, ko shigowata ba ta ji ba. Shekararta 13. Da asuba da ƙyar na tashe ta sallah. Ku maza kuna kasuwa, mu ke gida muna ganin abin da idonmu.

Malam_IdiAraba:
Allah ya shirya mana zuri'a, Maman Ilham. Ƙa'ida ce sananniya a wurin malamai cewa tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani. Indiya ta rufe TikTok tun watan Yunin 2020, ƙasar ba ta rushe ba. Somaliya ma a 2023 ta ba da umarnin rufe shi tare da Telegram da wani shafin caca. Mu me muke jira? Shugaba makiyayi ne, za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Sadiq_Ikeja:
Allah gafarta Malam, a yi mini afuwa zan ɗan yi gyara. Indiya ba don tarbiyya ta rufe ba. Rikicin kan iyaka suka yi da Chaina, aka kashe musu sojoji, shi ne suka rufe manhajojin Chaina 59 a rana ɗaya, TikTok na ciki. Kuma ba a yi nisa ba Instagram ya kawo musu gajerun bidiyo, YouTube ma ya fara gwada nasa a can. Masu rawa suka koma can da rawarsu.

Ni gyaran waya nake yi a Computer Village, kasuwar waya ta Ikeja. Lokacin da aka rufe Twitter a watan Yunin 2021 ina shago. Mutum zai zo da wayarsa lafiya lau, ya ce VPN, manhajar zagaye toshewa, kawai zan sa masa. Minti uku an gama. Daga baya ma suka daina zuwa, domin ƙannensu sun koya musu a gida. Wanda rufewa take kamawa shi ne babba wanda bai iya latse-latse ba. Yarinyar da ta iya ɓoye waya cikin bargo, kafin uwarta ta ji labarin an rufe ta riga ta zagaye.

Maman_Ilham:
To Sadiq, sai mu naɗe hannu mu zuba ido kenan?

Sadiq_Ikeja:
A'a Anti, ban ce haka ba. Akwai abin da za a iya yi a kan wayar ita kanta, zan yi bayani in na tashi daga shago.

Lauya_Yaba:
Tambayar Baban Khalifa ita ce ainihin maganar, kada a bar ta ta wuce. Mu duba abin da aka yi ta kawowa majalisa da sunan gyara. A 2015 Sanata Bala Ibn Na'Allah ya kawo ƙudirin da ya tanadi ɗaurin shekara biyu ga wanda ya yi kalaman ɓatanci ta waya ko kafafen sada zumunta, jama'a suka yi ca, aka janye a 2016. A 2019 Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo nasa na yaƙi da labaran ƙarya, wanda zai bai wa hukuma damar sa a toshe intanet, da tarar naira 300,000 ko ɗaurin shekara uku. A shekarar dai Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya dawo da ƙudirin kalaman ƙiyayya, har da hukuncin rataya a ciki. Ku karanta su ku gani, nawa ne a ciki ya yi maganar yarinya 'yar shekara 13 da ba ta barci?

Shi kansa Twitter me ya jawo aka rufe shi? Kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari da ya taɓo yaƙin basasa, bayan kwana biyu ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatarwa. Aka yi wata bakwai, sai 13 ga Janairun 2022 aka buɗe. Daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka. Duk tsawon shekarun da iyaye suka yi suna kukan batsa a intanet ba a rufe komai ba, amma da aka taɓa saƙon mutum ɗaya kwana biyu ya isa. Wannan shi ke ba ni tsoro. Kukan namu ne na gaskiya, amma ikon da za mu miƙa ba a hannunmu zai zauna ba.

Bashir_Fagba:
Barista, ka yi magana kamar wanda bai taɓa gudu da iyalinsa cikin dare ba. Ni ina Fagba a watan Oktoban 2020, lokacin da zanga-zangar EndSARS ta juye ta zama faɗan Hausawa da Yarbawa a yankinmu. Abin da ke yawo a waya a ranakun nan ya fi abin da ke faruwa a titi muni. Hoton gawarwaki ya shigo, an rubuta wai yanzu-yanzu ne a mayankar Abattoir, alhali ina tsaye kusa da wurin ban ga haka ba. Su ma can ana tura musu nasu, wai Hausawa na tahowa da makamai. Kowane ɓangare ya ɗauki sanda saboda abin da ya gani a waya. An yi asarar rayuka da dukiya. Mu baƙi ne a garin nan, in wuta ta tashi mu take fara ci. Ni ina goyon bayan a sa wa abin nan linzami, ko da gwamnati ce za ta riƙe.

Lauya_Yaba:
Malam Bashir, Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, ba na raina abin da ka gani. Tambaya ɗaya zan yi. Dokar laifukan intanet tana nan tun 2015, sashe na 24 ya ba da damar kama mai yaɗa ƙarya. Ka taɓa jin an gurfanar da wanda ya tura muku hoton nan? Amma a 2022 an ɗauko ɗalibi daga jami'ar Dutse aka kai shi Abuja saboda rubutu ɗaya da ya yi a kan uwargidan shugaban ƙasa, sai da ƙasa ta ɗauka sannan aka janye ƙarar. A shekarar kuma wata kotu a Kano ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 kowannensu da sharar harabar kotu saboda bidiyon da suka yi a kan Gwamna Ganduje. Linzamin yana nan. Duba bakin wa ake sa wa.

Bashir_Fagba:
Na ji. Amma rashin amfani da doka daidai ba hujja ba ce ta a bar kowa sakaka.

Hajiya_MaiAtamfa:
Ni dai ku bari in faɗi nawa. Mijina ya rasu ya bar ni da yara biyar da hayar ɗaki biyu. Da safe nake shiga kasuwar Balogun, in ɗauko atamfa da leshi a wurin dila, in shimfiɗa su a kan tabarma inda rana ke dukan bango don kalar ta fito sosai, babbar 'yata ta riƙe waya ina buɗe turmi ɗaya bayan ɗaya ina faɗin kuɗi. Ko fuskata ba a gani, hannuna ne kawai. Daga Gusau, daga Azare, har daga Maraɗi ake tura mini kuɗi, in ƙulle kaya in kai tashar mota. Da wannan nake biyan kuɗin makaranta, har da na Islamiyyar da ake maganar. Malam, in an rufe, wa zai biya? Ba mu kaɗan ba ne, masu turaren wuta, masu kayan yaji, masu ɗinki. Wake ɗaya ke ɓata gari, na sani, amma a dubi sauran waken.

Malam_IdiAraba:
Hajiya, Allah ya jiƙan maigidan, ya sa wa kasuwa albarka. Arziki na Allah ne, kafin TikTok ana ciniki. Akwai WhatsApp, akwai Facebook.

Ummi_Surulere:
Malam, da girmamawa, duk abin da ke TikTok yana Facebook, wani ma ya fi muni. In an rufe wannan, takarda ta gaba ta Facebook ce, ta bayanta ta WhatsApp. Kuma karatun tafsirin da nake saurare a motar haya kullum, a wayar nan nake samun sa.

Dattijo_Obalende:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Na zo Ikko tun Obalende na cike da masu suya da 'yan canji har asuba, na ga irin wannan tashin hankali ya zo ya wuce ba sau ɗaya ba. Da littattafan soyayya suka cika kasuwa aka ce su ne ke lalata 'yan mata, har a 2007 gwamnatin Malam Shekarau ta ƙona wasu a bainar jama'a. A shekarar ne kuma bidiyon wata 'yar fim ya fita ta waya, aka dakatar da shirya fim a Kano wata shida, mutane da yawa da ba su ji ba ba su gani ba suka rasa abinci. A 2016 gwamnati ta ce za ta gina ƙauyen fim a Kofa, aka taso daga kan mumbari, aka fasa. Kafin duk wannan, a 2004, nan Legas aka yi ta cewa akwai lambar da in ta kira ka ka ɗauka sai ka faɗi matacce. Na ga babban mutum da rawaninsa waya na ƙara a aljihunsa ya ƙi taɓa ta, yana ta gumi.

Ba ina cewa babu ɓarna ba ne. A littattafan akwai na banza, a fim ma akwai. Amma kowane karo sai mu tattara duk laifin mu ɗora wa abu ɗaya, mu huce a kansa, yaran kuma suna nan yadda muka bar su. Su kuma masu mulki tun da can ba sa son a yi magana. A 1984 da Doka ta 4 ta mulkin soja aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian, lokacin babu intanet babu wayar hannu.

Abu_Mile12:
Baba ya gama magana. Ni abin da na ɗanɗana zan faɗa. Watan Satumban 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya saboda 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Da farko har murna muka yi, muka ce in dai za a gama da su to a rufe. Mahaifiyata na can ba lafiya. Makonni ban ji muryarta ba. Sai ƙanina ya hau mota ya tafi inda ake samun sabis, ya kira ni ya ce tana nan da rai, ya koma. Kuɗin magani ma sai dai in ba direban motar gwari ya kai da hannu. Motar kaya ta taso ba ka san inda take ba sai ka gan ta a bakin kasuwa. An buɗe layin daga baya, kuma kowa ya san ko ta'addancin ya ƙare ko bai ƙare ba. Tun daga nan in na ji an ce "a rufe" sai gabana ya faɗi.

Nas_Ketu:
Ina so in ƙara a kan maganar Malam Bashir, domin ji-ta-ji-ta tana kisa da gaske. Lokacin Ebola a watan Agustan 2014, tsakar dare aka yi ta kiran waya da tura saƙo wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Ni kaina kira uku na samu daga gida kafin asuba. Aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu aka kwantar da su, musamman masu hawan jini. Amma me ya kashe wannan ƙaryar? Ba rufe waya aka yi ba. Likitoci da hukumomin lafiya ne suka fito a rediyo da talabijin da wayar ita kanta suka yi ta bayani. Da wayar nan aka riƙa bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar, har ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da ita. Kuma kada mu manta ƙin rigakafin shan-inna na 2003 a Kano. Babu Facebook a lokacin, baki da baki aka yaɗa.

Bashir_Fagba:
Haka ne 'yar'uwa, amma baki da baki ba ya kai hoto Kano daga Legas cikin minti ɗaya. Saurin shi ne sabon abu.

Yarima_Apapa:
Ni abin da ke ƙona mini rai daban ne. Ana ta TikTok TikTok, ina maganar caca? Yaran motarmu da ke kwana a layin shiga tashar jirgin ruwa, kuɗin abincinsu a cacar ƙwallo yake ƙarewa, a wayar nan. Ga masu ba da bashi ta waya. Wani yaro a garejinmu ya ci bashin kuɗi kaɗan, da ya yi jinkiri suka tura hotonsa ga duk lambar da ke wayarsa, har surukinsa, an rubuta ɓarawo ne. Yaron ya yi kwanaki ba ya iya haɗa ido da kowa. Wannan ba lalata tarbiyya ba ne? Me ya sa ba a kawo takardarsa masallaci ba?

Malam_IdiAraba:
Wannan gaskiya ne Yarima, caca da riba haramcinsu ma ya fi fitowa fili. A haɗa su cikin takardar. Amma kasancewar akwai ɓarna biyu ba ya sa a bar ta farko.

Ummi_Surulere:
Akwai kuma abin da ba a so a faɗa. Duk sanda aka tashi wannan magana, mata ake nunawa. Yarinya ta yi rawa a kama ta a yaɗa fuskarta duniya ta gani, su kuma dubban mazan da suka bi ta suna tura mata kuɗi da kyaututtuka babu mai tambayar su. Ko a Kano sai da maganar yadda Hisbah ke kame ta kai shugabanta Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye aiki a farkon Maris na 2024 bayan gwamna ya yi suka, kafin a sasanta ya dawo. Wato su ma can ba su gama daidaitawa kan yadda za a yi gyaran ba.

Garba_AlabaRago:
Hisbah na ƙoƙari, kada a zage su. Da muna da irin su a nan da wasu abubuwan ba su faru ba.

Ummi_Surulere:
Ban zage su ba, Yaya Garba. Cewa na yi a kama da mai kallo da mai biya.

Sadiq_Ikeja:
Na dawo. Anti Maman Ilham, ga abin da na ce zan faɗa. Su kansu TikTok a ƙa'idarsu sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, yara ƙaryar shekaru suke yi. A cikin manhajar akwai wurin da uwa za ta haɗa shafinta da na 'yarta, ta ƙayyade mata lokaci, ta rufe saƙon sirri. In wayar Android ce akwai Family Link na Google, ki sa wayar ta kulle kanta ƙarfe tara na dare, kuma ba za ta sauke sabuwar manhaja ba sai kin yarda. Ba ya magance komai da komai, yaro mai wayo zai ari ta abokinsa. Amma makullin yana hannunki.

Kuma in doka ake so, akwai wata hanyar. Ostireliya ta yi doka a ƙarshen 2024 cewa wanda bai kai 16 ba ba zai mallaki shafi a irin waɗannan kafafen ba, kuma kamfani ake ci tara in ya bari, ba iyaye ba, ba yaro ba. Ba su rufe wa manya ba.

Lauya_Yaba:
Wannan ya fi kusa da kukan iyaye, sai dai shi ma da abin dubawa. Kafin a san shekarunka sai ka nuna shaida, a nan kuwa NIN za a ce. Ranar da aka ɗaure kowane shafi da lambar NIN, mai rubutu a kan rashin ruwa a ƙaramar hukumarsu ya san an san ƙofar gidansu. Duk wanda ya san labarin Dadiyata, mai sukar gwamnati a intanet da aka ɗauke a gidansa a Kaduna a watan Agustan 2019, zai fahimci dalilin da ya sa mutane ke tsoron haka.

Maman_Ilham:
Barista, kai duk abin da aka kawo sai ka hango gwamnati a bayansa. Ni 'yata nake hangowa. Sadiq na gode, zan kawo maka wayar ranar Asabar. Amma in takardar ta zo zan sa hannu duk da haka, ko ba a rufe ba a san mun yi kuka.

Baban_Khalifa:
Na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Maganar Malam Bashir ta tsaya mini, domin ni ma ina Agege a kwanakin rikicin, na san yadda muka kwana. Ta Abu ma ta tsaya mini. Abin da nake tunani shi ne in koma wurin kwamiti in roƙi a sake rubuta takardar: a cire "a rufe", a sa maganar shekaru, da tilasta wa kamfanonin su ɗauki isassun masu jin Hausa da za su riƙa sauke batsa da saƙon tunzura jama'a da wuri, a kuma haɗa da caca da masu bashin nan. Ban sani ba ko za su yarda, wasunsu sun riga sun yi nisa. Barista, in sun amince za ka duba mana rubutun?

Lauya_Yaba:
Zan duba, ba ko sisi. Amma zan ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ta bai wa wani jami'i damar rufe abu ba tare da umarnin kotu ba.

Malam_IdiAraba:
Ni ina nan a kan ra'ayina, ta farkon ta fi. Kamfanin da ke cin riba da kallon yaranmu ba zai gyara kansa don takardar Agege ba. Amma in an sake rubutawa a turo mini in gani, zan karanta wa mutanenmu bayan sallar isha'i su faɗi nasu.

Hajiya_MaiAtamfa:
Baban Khalifa, ranar da za ku zauna a sanar da mu. Taron farko babu mace ko ɗaya mai sana'a a waya da aka kira. Zan zo, kuma zan taho da wasu.

Garba_AlabaRago:
Ƙarfe nawa ake zaman? In bayan la'asar ne ba zan samu ba, daga Ojo zuwa Agege a cunkoson nan sai magariba.